Ƙafar Motar Da Aka Sa Ni Na Gyara A Gagarawa

Zuwa ga Wakilin kamfanin sayen gyaɗa na ƙasar Gumel,

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, ni ne Isyaku maƙeri na Gagarawa. Ka san ni sarai, ko da yake tun kaka ka daina amsa sallamata. Na sa malamin unguwarmu ya rubuta wannan takarda, za a kuma karanta ta a kasuwar Maigatari ranar Alhamis, domin a kasuwa ka ɓata mini suna.

Na farko, yadda abin ya faru. Da kakar nan babbar motarku, wadda ita ce ta biyu da muka taɓa gani a ƙasar nan, ta taso daga Sule Tankarkar maƙare da gyaɗa, ƙafarta ta baya ta tsage a bakin garinmu. Ka aika Kano aka kawo wata. Garba direba ya yi ta fama, ta ƙi shiga, sai ka sa aka kira ni da magagarina.

Na biyu, abin da na gani. A jikin motar akwai ƙusoshi biyar a tsaye, a kewaye. Sabuwar ƙafar ma huji biyar gare ta, shi ya sa ka ce daidai take. Amma lissafin huji kaɗai ba ya sa ƙafa ta zauna, sai kewayen ya zo ɗaya. Na tsaga kaba na auna daga tsakiyar ƙusa guda, na tsallake ta kusa da ita, zuwa ta uku. Na ɗora awon a kan hujin ƙafar, ya gaza da kamar faɗin ƙwayar gyaɗa. Na nuna maka a gaban Garba, na ce wannan ƙafar wata mota ce. Ka yi dariya, ka ce mutumin da ke sa ruwan gatari ya zauna a kowace ƙota ba zai kasa wannan ba. Ka ce gyaɗa za ta rasa jirgin ƙasa a Kano, in faɗaɗa hujin kawai.

Na faɗaɗa. Wannan laifina ne, ba na kuma gudunsa. Mu maƙera mun saba, in abu ya ƙi shiga sai mu ci shi da magagari har ya shiga, kuma na ji kunyar a ce Isyaku ya kasa. Sai dai ƙota itace ce, tana bin ƙarfe. Ƙafar mota ba ta bin komai. Bakin kowane huji yana da ɗan kwari inda noti ke zama ya riƙe ƙafar a tsakiya, shi kuwa na goge da hannuna. Ƙafar ta shiga a karkace, nauyin buhunan duk ya koma kan ƙusa biyu.

Na uku, abin da ya biyo baya. Da hantsi motar ta tashi. Ba ta kai rabin hanyar Kano ba notuna suka kwance, ƙusoshin suka gutsure, ƙafar ta fice, motar ta kife. Aminina Malam Sabo, wanda muka tashi tare tun muna yara, yana saman kaya zai je duba 'yarsa da ta haihu. Buhuna suka danne shi. Ni na yi masa wanka.

Bayan haka ka tsaya a kasuwa ka ce ƙafar lafiyayya ce, maƙeri ne ya lalata ta da karambani. Tun daga ranar zuga-zugina a rataye suke. Sarkin Maƙera ya hana ni rumfa, maƙwabta suna kai garmarsu wani gari. Wannan ya yi mini zafi, amma ba shi ne ke hana ni cin abinci ba. Garba ya gaya mini ƙafa biyu aka kawo daga Kano, iri ɗaya, kuma ta biyun tana ajiye a gidan awonku tana jiran ranar da wata za ta tsage.

Saboda haka ina roƙon abu uku. Ka mayar da ƙafar nan Kano, ka haɗa da awon ƙusoshin motar, kada ka sake aika lissafin huji kawai. Tsagin kabar yana wurina, zan ba ka. Ka zo gaban Sarkin Maƙera ka faɗi abin da na ce da abin da ka ce, ka ɗauki rabonka, ni na riga na ɗauki nawa. Sannan ka taka zuwa gidan Sabo ka yi wa iyalinsa ta'aziyya, don har yau ba su ga ƙeyarka ba.

Safiyar da zai hau motar, Sabo ya bar mini fartanyarsa in gyara kafin ya dawo. Na gyara. Tana nan jingine a bakin maƙera, na kasa kai wa matarsa.

Allah ya ba ka ikon faɗin gaskiya, ya tsare masu hawa motarka, ya jiƙan Sabo, ya yafe mana ni da kai.

Wassalam.

Isyaku maƙeri, Gagarawa.