Fankar da Aka Yi Sadaka da Ita

Zango, Sokodé, 4 ga Maris

Yaya Issifou,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da aiki, ina gaishe da matarka Husseina da nauyin jiki, Allah ya sauke ta lafiya. Da kunnenka yana jin waya, da na kira ka na yi kukana na huta. To dole sai takarda. Inusa direba zai kawo maka.

Kwamfutar Siddiƙ ce. Tun bayan rasuwarsa take ɗaukewa, sau biyar sau shida a yini. Ka san halin mijina, shi da biro ba sa shiri. Duk abin da ya shafi cinikinmu na waken soya da kashu, da baki yake faɗa wa kwamfutar nan kowace safiya tana ɗauka: wane manomi ne ke cika buhu, wane ne ke jiƙa kaya don su yi nauyi, wane mai saye a Lomé ne ba a barinsa yana jiran amsa. Muryarsa ta shekara shida na ciki. Da ita nake riƙe da cinikin ina cikin takaba, ga kakar kashu ta kama. Amma ba zan ɓoye maka ba, Yaya, ko babu ciniki sai na kunna. In muryar nan ta tafi, ban san me ya rage min ba.

Ba ni da halin fita. Ka gaya min abin yi.

Ƙanwarka, Khairiya

Dapaong, 7 ga Maris

Ƙanwata Khairiya,

Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Siddiƙ, ya ba ki haƙuri. Husseina na amsawa. Watanta ya tsaya, shi ya sa ba zan iya barin gari ba.

“Tana ɗaukewa” ba bayani ba ne, haka kowa ke faɗa min a shagona na gyara. Share hawaye ki amsa min. Da safe ta fi yi ko da rana? Allon yana yin shuɗi da rubutu, ko ɗif take yi kamar an ɗauke wuta? Fitilar ɗaki tana rawa a lokacin? Shafi nawa kike buɗewa a tare? Na san ki tun kina ƙarama, tukunya uku kike ɗorawa a murhu ɗaya. Ki taɓa jikin akwatin in ta yi aiki, ki kuma kara kunne ki ji min abin da ni ba zan iya ji ba.

Na ƙarshe: me ya canja a ɗakin bayan rasuwar? Ran gaisuwa a rumfar maza na zauna, ban leƙa ba.

Yayanki, Issifou

Zango, 10 ga Maris

Yaya,

Barka da ɗawainiya. Bayan azahar ta fi yi, kuma ɗif take yi. Wuta lafiya lau. Shafi goma sha biyu ne, yadda ya bar su. Jikinta kuwa kamar murfin tukunya. Shekaranjiya ta fara wani ƙas-ƙas daga ciki.

Ka tambayi abin da ya canja. Gyara kawai aka yi. Siddiƙ ya cire mata murfin gefe tun bara, hanjinta a waje, ya girka mata fankarmu a gaba, ita kaɗai ke gare mu. Shekara guda muna faɗa a kan haka. Da mata suka fara cika gida gaisuwa, kunya ta kama ni, na nemo murfin na ɗaure, na lulluɓe ta da leshi. Ran sadakar bakwai aka fitar da kayansa, riguna da takalma, na ce a haɗa da fankar a kai masallacin unguwa, Allah ya kai masa ladan. Har a raina na ce yau dai fankar nan za ta yi wa mutane aiki.

Na yi laifi ne?

Khairiya

Dapaong, 12 ga Maris

Khairiya,

Gaisuwa a gurguje. Kashe ta yanzu, ki zare wayar daga bango. Fankar cikinta ta mutu tun bara, waccan ta waje ce ke riƙe da ranta. Kin rufe ta kin lulluɓe a zafin Maris. Ƙas-ƙas ɗin nan diski ne, inda muryar take, yana kan hanyar lalacewa. Duk kunnawa ɗaya tana cin wani abu.

Laifin ba naki ba ne. Bara Siddiƙ ya rubuto min in aiko masa da ƙaramar fanka ta ciki. Na saya a satin. Tana cikin aljihun teburina har yau, kullum ina cewa gobe.

Ki naɗe kwamfutar da bargo ki ba Inusa, ya sa ta a kujerar gaba.

Issifou

Zango, 17 ga Maris

Yaya, ina gaisuwa.

Takardarka ta zo ran Alhamis. Ban kashe ba. Na ce bari in ji shi sau ɗaya tukuna, sau ɗaya ya zama kwana uku. Ran Lahadi yana tsakiyar maganar wani manomi ta ɗauke, ba ta sake tashi ba. Ga ta nan a hannun Inusa. Kada ka yi min faɗa, na riga na yi wa kaina.

Khairiya

Dapaong, 25 ga Maris

Ƙanwata,

Assalamu alaikum. Husseina ta sauka lafiya, mace.

Kwana biyar ina lallaɓa diskin, in ya yi zafi in bar shi ya huce. Cikin ɗaukar murya fiye da dubu, tara na iya fitarwa kafin ya tsaya gaba ɗaya. Tara, Khairiya. Lamba ce kawai a jikinsu, ni kuma ba na ji, ban san me na tsamo miki ba. Ban so in kira wani ya saurari mijinki kafin ke. Wataƙila lissafin buhu ne kawai. Na zuba su a kati, ki sa a wayarki.

Ƙaramar fankar ma tana cikin kwalin da na aiko. Ba ta da amfani yanzu, amma na kasa ci gaba da ganinta. Ki yafe min.

Yayanki, Issifou

Zango, 28 ga Maris

Yaya Issifou,

Barka da arziki, Allah ya raya. Saƙo ya iso.

Takwas maganar buhu ce, na ji su sau ba adadi. Ta tara zan rubuta maka yadda take, tunda ba za ka ji ba.

Yana cikin magana sai ga muryata daga ƙofa: “Siddiƙ, ni ce matarka ko akwatin nan? Ba ni fankar!” Sai ya yi dariya, irin mai tari a ƙarshe. Ya ce: “Yi haƙuri, uwargida. Ran da ta Yaya Issifou ta iso, wannan taki ce.” Na ce masa ai kai Yaya ka manta. Ya ce: “Issifou ba ya mantuwa. Aiki ne ya yi masa yawa. Za ta zo.”

Ta zo, Yaya. Na ajiye ta a kan teburinsa.

Ka gaishe min da mai jego.

Ƙanwarka, Khairiya