Mun Koma Asibiti da Shalele

Abban Shalele,

Na kira, ba ka ɗaga ba. Bayan fitarka ƙirjinta ya sake toshewa, numfashin har fito yake. Mun koma asibiti.

Maganin shan nan kyarma yake sa ta. Suracen da Mama ta ce, kuka kawai ya ƙara mata. Na shaƙawar da na dogara da shi, yau ko gezau. Injin shaƙar magani na asibiti kaɗai ke kwantar mata, shi kuwa ba ya biyo mu gida. Dabara ta ƙare min wallahi.

Don Allah ka yi wanka, ka canza kaya kafin ka taho. Likita ta ce ƙurar katakon shagonka ke tayar mata. Tana ganinka za ta miƙo hannu, kuma ba zan iya hana ta ba.

Maman Shalele