Baƙin Mai a Hannun Mai Neman Gurbin Jinya

Daga:
Mai neman gurbin karatu mai lamba 0417,
Gida na uku, bayan Layin Makanikai.

Litinin, 14 ga Oktoba, 2024.

Zuwa ga:
Mai Girma Magatakardan Jami'a,
Ta hannun Sakataren Kwamitin Ɗaukar Ɗalibai,
Tsangayar Koyon Aikin Jinya da Ungozoma.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: RASHIN KAMMALA TANTANCE NI SABODA SAƁANIN DA KE TSAKANIN SHUGABANNIN SASSA BIYU

Faɗa na tarar ana yi a ɗakin tantancewa ranar Talata, 10 ga Satumba, kuma har yau da nake rubuta wannan takarda ba a gama shi ba. Ba da ni aka fara ba, amma yanzu a kaina yake. Saboda haka, bayan gaisuwa da girmamawa, da fatan Allah ya ƙara wa Mai Girma lafiya, ina neman izinin gabatar da ƙorafina. Ni ba mai yawan magana ba ne, a wurin aiki ma Shiru ake kirana. Da akwai wata hanya da ban rubuto ba.

Na gama sakandare shekara biyu da suka wuce. Bara makina a jarrabawar shiga jami'a bai kai ba. Bana ya kai, aka gayyace ni tantancewa ta baki don kwas ɗin jinya da ungozoma. A tsakanin nan ina aiki a garejin gyaran mota, ɓangaren inji. Da aikin na yi rajistar jarrabawa, da shi muke ci ni da mahaifiyata. Ga abin da ya faru, daki-daki.

1. Takardar gayyata ta ce mutum biyu ne za su tantance kowane ɗalibi, wato Shugaban Sashen Jinya da Shugabar Sashen Ungozoma, kuma sai sun amince tare a zama ɗaya kafin sunan ɗalibi ya shiga jerin waɗanda aka ɗauka. Da aka kira lambata na yi sallama na shiga. Ba wanda ya amsa. Teburinsu ɗaya, amma kowa ya ja kujerarsa can ƙarshe. Shugabar tana cewa ɗalibanta sun kwana biyu ba su taɓa 'yar tsanar koyon karɓar haihuwa ba, saboda wani ya mai da ɗakin gwaji gadon gidansu. Shugaban yana cewa wanda ya karɓi makulli a ƙarshe shi ya san inda ya jefa shi, kuma shi dai bai taɓa rataya jakar hannu ba balle a ce a ciki ya ɓata. Na tsaya rungume da fayil ɗina. Ba a ce in zauna ba, ban zauna ba.

2. Da Shugabar ta lura da ni, sai ta ce in miƙo hannuwana. Na miƙa. Ba zan ɓoye wa Mai Girma ba, akwai baƙin mai a layukan tafin hannuna da gefen farce. Na wanke da safen nan da sabulu da buroshi har fatar ta yi zafi, amma duk wanda ya yi aikin inji ya san ba ya fita a rana ɗaya. Ta juya hannun da bayan biro. Ga kalmominta kamar yadda ta faɗa: "Da wannan za ka karɓi jaririn mutane? Ko tayar mota ka ɗauke shi?" Nan take Shugaban ya jawo takardata ya sa hannu, bai ko ɗago ya dube ni ba. Ya ce shi dai ya ga ɗalibi, kuma mai ƙin yaro don yana neman halaliyarsa shi ya san abin da ke damunsa. Shugabar ta rufe bironta. Ta ce in dawo ranar da hannuna ya koma irin na mutane. Aka kira lamba ta gaba.

Ina roƙon a lura cewa ba a yi mini tambaya ko ɗaya ba. Na daɗe ina haddar sassan zuciya da yadda jini ke zagayawa da watannin ciki, littafina a cikin leda don kada ya yi baƙi, ina karantawa a gindin mota idan babu aiki. Wadda ta ƙi ni hannuna kawai ta gani. Wanda ya amince da ni ko hannun bai gani ba.

3. Ina so Mai Girma ya fahimci cewa ba duba hannu nake ƙorafi a kai ba. Shugabar tana da gaskiya da ta duba. Na san amfanin hannu mai tsabta, ba a littafi kawai ba. Mahaifiyata tana da ciwon suga, kuma gyambo ya fito mata a ƙafar hagu tun ina ajin ƙarshe. Ma'aikaciyar jinyar asibitin unguwarmu ce ta koya mini yadda ake wanke shi, yadda ake saka safar hannu ba a taɓa bayanta ba, da yadda ake naɗe bandeji kada ya matse. Safe da yamma ni nake yi. An taɓa maganar yanke ƙafar. Yau Umma tana takawa zuwa bakin famfo da kanta. Dalilina na neman wannan kwas ke nan, ba ni da wani. Na yi niyyar faɗa idan an tambaye ni.

4. Tun da an ce in dawo da hannu mai tsabta, washegarin ranar tantancewar na je na shaida wa maigidana a gareji cewa zan ajiye sifana, wato in dakata da aiki, na ɗan lokaci. Ya dube ni ya ce, to Likita, Allah ya ba da sa'a, amma inji ba ya jiran mai yanke farce. Ya ce zai riƙe mini wurina zuwa wani lokaci. Mutumin kirki ne, bakinsa ne kawai.

Na yi gaggawa, kuma gaggawar ta cuce ni. Na dirje hannun da kananzir, da yashi, da lemun tsami. Baƙin ya ragu, amma fatar ta tsage a gaɓoɓin yatsu tana fitar da jini. Kwanaki ban iya taɓa ƙafar Umma ba, sai maƙwabciyarmu ce ke shigowa ta naɗe mata, ina tsaye ina nuna mata da baki.

Ranar Alhamis, 26 ga Satumba, na koma ofishin Shugabar. Wannan karon ta riƙe hannun da nata hannun. Ta ce wane marar hankali ne ya ce in yi haka, na ce ni ne. Ta ce hannu mai tsaga ya fi mai baƙi haɗari, ga majinyaci da ni kaina. Ta ce in bar dirza, in riƙa shafa basilin in saka safar hannu in kwana da ita, baƙin zai fita da kansa idan fata ta sake. Har ta buɗe aljihun teburinta ta ba ni ragowar nata. Na rubuta wannan ne don kada a ɗauka ina ɓata mata suna. Na bi maganarta, kuma ta yi aiki.

5. Ranar Talata, 8 ga Oktoba, na koma da hannu babu baƙi babu tsaga. Na tsaya gaban teburin Shugabar na buɗe su. Ba ta ɗago daga takardun da take dubawa ba. Ta ce ba a ofis ake tantance ɗalibi ba, a zaman kwamiti ne, don haka in je in ce wa abokin aikinta ya zo su zauna.

Ofishinsa yana hawa na biyu, nata yana ƙasa. Na hau. Ya ce, yarona, ni ai na gama da kai tun ranar farko, mutum ba ya sa hannu sau biyu a takarda ɗaya. Ya ce idan zama take so, ta fara aiko da makullin ɗakin gwaji. Na sauko na faɗa. Ta ce in koma in ce masa makullin yana inda ya san yake. Na hau na faɗa. Ya yi dariya ya ce in tambaye ta ko ta duba ƙasan jakarta da kyau. Wannan saƙon ban kai ba. Na zauna a matakala har aka tashi daga aiki.

Washegari haka. Jibinsa haka. Mai sharar ginin ta fara gaishe ni da sannu da aiki, ta ɗauka sabon masinja ne aka ɗauka. Shugabannin biyu kowannensu yana da waya a kan teburi. Ban san dalilin da ya sa sai ƙafata ba.

Ɗakin gwajin yana tsakanin hawa biyun, a kwanar matakala. Na gaji da ganinsa. Ɗan ƙaramin kwaɗo ne a jikin ƙofar, irin na akwatin ƙarfe. Ban taɓa shi ba, kuma ba hurumina ba ne.

6. Ranar Juma'a, 11 ga Oktoba, na kai kukana wurin Sakataren Kwamiti. Ya duba na'ura ya ce ban faɗi ba. Na ce to na ci ke nan. Ya ce a'a, ban ci ba. A gaban sunana an rubuta ana jira. Ya ce shi ba ya shiga maganar manya, yana da iyali. Ya kuma sanar da ni cewa ranar Juma'a, 25 ga Oktoba, za a rufe jerin sunaye, duk wanda ake jira a lokacin za a ba wani gurbinsa, kuma makin bana ba ya aiki baɗi. Shi ne ya ce in rubuto wa Mai Girma, amma kada in ce shi ya ce. Ina ba shi haƙuri. Ban iya tsara magana ta wata hanya ba.

7. A gida kuwa, fiye da wata guda ke nan ba na kawo komai. Yayana, wanda dama yake ganin aikin ungozoma ba na namiji ba ne, yanzu shi ke aiko da cefane, kuma kowane cefane da maganarsa. Amarya yake kirana, wai ina zaune ina tattalin hannu. Idan ya shigo sai ya ce a ba Hajiya Ungozoma kujera kada ta taɓa ƙasa. Ba na tanka masa, domin abincinsa muke ci. Idan ina naɗe wa Umma ƙafa takan kalli hannun ta ce ya yi kyau, daga nan ta kau da kai.

Jiya maigidana ya aiko. Mai babbar mota ya kawo inji za a sauke, kuma shi maigidan ba zai iya ci gaba da riƙe wuri babu mutum ba. Ya ce ranar Litinin, 21 ga wata, ko in zo da kayan aiki, ko ya ba ɗan ƙanwarsa akwatin sifanuna. Ban ga laifinsa ba.

Mai Girma zai ga inda na tsaya. Idan na koma gareji, kwana biyu ya isa hannun ya koma yadda yake ranar 10 ga Satumba, kuma idan aka kira zama bayan nan, Shugabar za ta sake ƙina, da gaskiyarta. Idan ban koma ba kuma ba a zauna ba, na rasa karatun na rasa aikin.

Bisa ga abubuwan da suka gabata, ina roƙon Mai Girma cikin ladabi:

(a) Ya ba da umarni a kira zaman tantance ni kafin ranar Juma'a, 18 ga Oktoba. Idan shugabannin biyu ba za su iya zama a teburi ɗaya ba, a wakilta wasu malamai biyu daga sassan nasu.

(b) A duba hannuna, kuma a yi mini tambayoyin da aka yi wa sauran ɗalibai. Ba alfarma nake nema ba. Idan na kasa amsawa a kayar da ni, zan karɓa in koma gindin mota ba tare da na sake damun kowa ba. Amincewar da Shugaban ya yi mini ma a soke ta idan ana so, tun da ba don ni ya yi ba.

(c) Idan babu ɗaya daga cikin waɗannan da zai yiwu, a sanar da ni a rubuce kafin Litinin, in san cewa an gama.

Ban nemi a hukunta kowa ba. Dukansu sun haife ni, kuma idan Allah ya yi, a gabansu zan zauna in koyi aiki. Maganar makulli kuwa ban san gaskiyarta ba, ban kuma nemi sani ba.

Na haɗo kwafin takardar gayyata, da sakamakon jarrabawa, da hoton hannuwana ciki da baya wanda aka ɗauka yau da safe. Ina neman afuwa idan na yi tsawo ko na faɗi abin da bai kamata ƙarami ya faɗa ba. Allah ya ja zamanin Mai Girma, ya sa a gama aiki lafiya.

Naka cikin biyayya da girmamawa,

(sa hannu)
Mai neman gurbin karatu mai lamba 0417.

Ƙarin bayani: Da na kawo wannan takarda, an shaida mini a ofishin karɓar wasiƙu cewa amsa takan ɗauki mako biyu zuwa uku. Na ari biro a nan bakin taga na ƙara wannan layin. Ranka ya daɗe, ranar Litinin in ɗauki sifana, ko in ci gaba da shafa basilin?