Sabuwar Talabijin, Tsohuwar Dikoda

Daura, ranar Talata.

Zuwa ga angona Ma'aruf,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kana lafiya, kai da Fadila da yara. Ya aiki, ya Kaduna? Mu nan lafiya lau, sai gwiwar nan tawa da ke riga kowa sanin hadari zai taso. Na ba Ya'u direba wannan takarda ne don a waya kullum sauri kake, sai ka ce ana bin ka da bulala. Ka yi haƙuri da rubutun, na ajin yaƙi da jahilci ne.

Saƙonka ya iso. Kai Ma'aruf! Wannan talabijin ce ko ƙyauren ɗaki? Ga faɗi kamar tabarma, ga ta siririya kamar faifai. Allah ya yi maka albarka, ya ba ka masu yi maka. Da ina cewa tun da ka auri Fadila ka manta da ni, to na janye rabin maganar.

Amma ina da ƙara. Hafizu mai gyaran dish ya kafa ta a bango, ya ce wai mai wayo ce, har intanet take shiga. Na ce to madalla, za ta riƙe mini tafsiri in ina salla, in dawo in tarar? Ya ce a'a, wannan sai tsohuwar dikodata. Ka ji mai wayo! Dikodar da ka ce a ba yara su yi mota da ita, ita ya jona a bayan amaryar taka. Da ba ta samu wuri a bango ba, ya tura ta ƙarƙashin kabad ɗin kwanonina, ya sa mata wutar sola. Yanzu rimot biyu gare ni. Na ɗaura wa na dikodar jan zare don kada su ruɗa ni.

Ka san dalilin nacina. Ƙanwarka Zakiyya ta kai zagayen ƙarshe a musabaƙar karatun Alƙur'ani, kuma wata tasha za ta nuna nasu na 'yan mata ranar Asabar da hantsi. Sau ɗaya suke nunawa, Hafizu kuma ya ce ba sa sawa a intanet. Yarinyar nan tun yaye take hannuna. Da za ta hau mota ta riƙe mini hannu ta ce in dai ta san ina kallo ba za ta ji tsoro ba. Na yi mata alkawari. Hafizu ya saita dikodar ta ɗauka, ni kuma zan zauna gaban talabijin, ko da gobara ake a maƙwabta.

Ka gaida Fadila, ka ce ta riƙa ba ka tuwo, a hoton nan ka rame.

Matarka ta fari,
Kaka Kyauta.

Sandamu, ranar Litinin.

Ma'aruf,

Ina gaishe ka, ina kuma yi mana ta'aziyya. Na san ka ji rasuwar Malam Harisu, ƙanin marigayi kakanka. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Mutum ne da bai taɓa zuwa Daura hannu rabbana ba, ko gyaɗa ce sai ya ƙullo mini.

Da safiyar Asabar ɗin aka bugo. Ban tsaya komai ba, na kunna talabijin na kai ta tashar, na ce a bar ta haka don akwatin dikodar ya ga abin da zai ɗauka, na yafa mayafi muka kama hanya. To ka san gidanmu ma gidan makoki ne, wanda bai samu zuwa Sandamu ba can zai je gaisuwa. Talatu matar baffanka ta ga mata sun fara sallama ga talabijin tana ta surutu, sai ta zare wayar talabijin ɗin daga bango ta lulluɓe ta da zane. Jiya da ta zo nan take faɗa mini, tana jiran in yaba. Na ce ta kyauta. Kuma ta kyauta ɗin, ni ma da abin da zan yi ke nan. Sai da ta ga fuskata ta tuna, ta dafe ƙirji.

Zakiyya ta zo ta uku. Ta bugo ta yi mini gaisuwa, sannan a hankali ta ce ko na samu na gan ta. Na ce mutane sun yi yawa, ba na jin ta sosai, za mu yi magana. Ma'aruf, ban taɓa yi wa yarinyar nan alkawari na saɓa ba. In tambayi Hafizu ko da dabara? Da wane baki zan yi zancen talabijin ina zaune kan tabarmar makoki? Kada ka faɗa mata komai, ni zan faɗa da kaina.

Kakarka,
Kyauta.

Daura, ranar Lahadi.

Angona na kaina,

Gaisuwa da fatan alheri, ya ƙarin haƙurinmu? Zauna ka karanta wannan, kada ka karanta a tsaye.

An yi sadakar bakwai, na dawo gida, baƙi sun ɗauke ƙafa. Yau da hantsi na yaye zanen na mayar da wayar talabijin, don in ji tsohon tafsirin da na ajiye ko zuciyata ta yi sanyi kafin in kira Zakiyya. Na danna maɓallin da ke kai ni wajen dikoda, na ɗauki mai jan zare. Sai ga wani sabon abu a saman jerin. Na danna. Ma'aruf, sai ga 'yan mata a jere cikin fararen hijabai!

Na ƙwala wa Talatu kira, ta shigo da ludayi a hannu. Muna tsaye aka kira sunan Zakiyya da sunan Daura. A wannan faffaɗar talabijin taka har ɗan tabon goshinta na gani. Da ta ja basmala sai na zauna a ƙasa. Talatu na kuka, ina kuka, miya na ƙonewa.

Na aika aka kira Hafizu, ya yi ta dariya. Wai dikodar ba ruwanta da talabijin, daga dish take sha kai tsaye. Ita talabijin taga ce kawai, ko an rufe ta, aiki na tafiya a ciki muddin akwai wuta. Ya ce ai ya faɗa mini tun ranar farko. Wataƙila ya faɗa, ni lokacin ina kallon faɗin amarya. Na ce wa Talatu Allah ya yi mata albarka da ba ta share ƙarƙashin kabad, don da mai shara ce da ta ga akwatin ta zare shi ma. Ta ce daga yau ma ta daina sharar ɗakina gaba ɗaya.

Sannan na kira Zakiyya. Na faɗa mata gaskiya, ranar ina Sandamu, amma yau na kalla har sau uku. Na san tana zaton lallashi ne. Sai na ce wace ce ta yi ta murza bakin hijabinta da yatsa tun daga farkon sura, kuma da alƙali ya ɗaga kai ta ɓoye hannun? Ma'aruf, ta yi dariya, dariyar ta koma kuka, ta ce Kaka ashe kin gan ni. Na ce na gan ki, 'yar nan, har abin da alƙalai ba su gani ba.

Na gode, na gode. Allah ya raya maka zuriya, ya sa su faranta maka kamar yadda kuka faranta mini. Ka gaida Fadila da yara.

Taka har kullum,
Kaka Kyauta.