Katafila Ta Bi Hannun Auta

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta girmamawa da fatan wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da yara. Allah ya ƙara sauƙin ƙafar nan, ya sa kaffara ce. Mu nan lafiya lau muke. Inna ta warware daga tarin da ya dame ta, har ta koma yi mana faɗa a kan shara, kin san in ta fara faɗa to sauƙi ya samu.

Dalilin wasiƙar nan maganar Auta ce. Na san ta roƙe ki ta dawo wurinki ta kama aikin shago, kuma na ji har kin fitar da keken ɗinkinki daga ƙaramin ɗaki don ta samu wurin kwana. Ban ga laifinta ba. Tun da ta gama karatun tonon kayan tarihi ƙanenki bai taɓa tambayarta yadda aiki yake ba, sai dai ya ce shi ya kashe ƙuruciyarsa a kan katafila don kada 'yarsa ta taɓa ƙasa, ga shi ta je makaranta ta koyo tonon juji. Ita kuma zuciya irin taku, sai ta haɗa jakarta ta ajiye bayan ƙofa, ta ce wannan aikin ne na ƙarshe. Raina ya ɓaci ƙwarai, don na san tana son aikinta, kuma ba na son gidan ya rasa ta.

To, kin san filin nan na bayan tashar mota da za a gina gidaje. Ashe kafin a zuba tushe sai an bar masu binciken tarihi sun yanka ramukan gwaji. Ba duk filin suke tonewa ba. Sukan kafa turaku su ja igiya, su yanka rami dogo siriri a nan, su tsallake su yanka wani a gicciye can, yadda in akwai kufai a ƙasa da wuya ya kuɓuce musu. Auta ta ce mini kamar ɗanɗana miya ne, ba sai an shanye tukunya ake sanin gishiri ya ji ba. Ikon Allah, direban da ɗan kwangila ya tura musu ƙanenki ne, wadda aka ba aikin kula da ramukan kuma Auta ce.

Da ma kin ga fuskarsa ranar farko. An cire wa katafilarsa bakin nan mai haƙora an sa mata mai santsi, don kada ta yage abin da ke binne. Na ce masa kada ya damu, yanzu shi da motarsa sun zama sa'o'in juna wajen giɓi, bai yi dariya ba. Ƙa'idar aikin kuwa ita ce, ba haƙa ake yi ba, kankara ake yi kaɗan-kaɗan, ƙasar sama a tara gefe guda, ta ƙasa a ɗaya gefen, don a mayar da kowace mazauninta. Mai kula da rami na tsaye gaban motar, idonsa a ƙasa, direba kuma idonsa a hannun mai kula. Mutumin da ya saba cika tifa kafin shayi ya huce, ga shi yana jiran yatsan 'yarsa.

Ranar da abin ya faru ina wurin, na kai musu abincin rana, mai gadi ya ara mini hular kwano na tsaya bakin shinge. Cikin jar ƙasar sai ga wani baƙin tabo kamar faifai, Auta ta ɗaga hannu. Ɗan kwangila kuwa ya gaji da jira, ya matso yana yi wa ƙanenki alama ya ci gaba, wai tokar shara ce kawai. Kin san, Yaya, mutumin nan shi ke ba ƙanenki aiki shekara da shekaru. Ƙanenki ya dubi wannan hannu, ya dubi wancan, sai ya kashe injin. Ya sauko ya gaya wa ɗan kwangila cikin ladabi cewa a wannan ramin hannu ɗaya aka ce ya bi.

Auta ta durƙusa da cokalin gini da buroshi tana sharewa a hankali. Duwatsun murhu uku suka bayyana, da gawayi a tsakaninsu, da tsingaron tukunya mai shaidar babban yatsan wanda ya gina ta. Bayan ta ɗauki hoto ta auna, sai ta miƙa wa babanta tsingaron. Ya ɗora yatsansa a gurbin, sannan ya tambaye ta sau nawa ke nan ya kwashe murhun mutane ya zuba a tifa bai sani ba. Ta ce masa wannan karon dai ya tsaya. Ni kam hawaye na share da gefen mayafina.

An kewaye kusurwar da igiya, ginin zai fara daga ɗaya ɓangaren. Ɗan kwangila ya yi ta gunaguni, amma bai sallame shi ba. Yanzu da yamma sai ki ga uba da 'ya a tsakar gida suna wanke tsingaro a robar wankina, yana yi mata gardama a kan wanne ne bakin tulu. Jiya na ji yana gaya wa maƙwabcinmu tela cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, kamar ba shi ne mai maganar juji ba.

Ki gaishe mini da maigidanki, da Babban Yaya, da 'yan biyu, da amaryar ɗanki. Inna da ƙanenki suna gaishe ki. Auta ta ce ki yafe mata wahalar da ta sa ki. Jakar nan ta bar bayan ƙofa, cokalin gini da igiya take zubawa a ciki. Ki mayar da kekenki ɗakinsa, Yaya.

Taki har kullum,
Matar ƙanenki