Hadiza Abdu Uku a Jiratawa

Laraba da dare, Maraɗi

Alhamdu lillahi, yau hankalina ya kwanta. Tun jiya nike fama da ordinatar biro, wato kwamfutar ofis, kan sunayen matan Jiratawa da za a raba wa irin albasa. Hadiza Abdu uku gare mu, na'ura na ɗaukarsu mutum guda, biyu su rasa rabonsu. Na so in ƙara gurbin laƙabi cikin tablo, wato jadawalin sunayen, ta ƙiya.

Malam Isufu mai gyaranta ya ce, "Hajiya, tablon da an ka riga an ka cika bai karɓar sabon gurbi. Bar shi haka, wa zai sani?"

Ni na sani. Na buɗe sabon tablo mai gurbin laƙabi, na sake buga kowa ɗaya bayan ɗaya. Idanuna na zafi, amma Hadizan nan uku, Dije, Kande da Ta-Gabas, duk za su shuka bana.