Ba Zan Bar Filin Bayan Gidanmu Ba

Zuwa ga 'yata Bintu, a Jos.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kina riƙe da sallarki kamar yadda kike riƙe da aikinki. Na rubuta wannan a fili, tunda kin tara mini ƙawayenki da kawunnanki kowa yana cewa in tattara in bar Maiduguri. Su ma su karanta.

Kin ce gida biyu maganin gobara. Na ji. Amma ba ni na fara aikin filin bayan gidanmu na Lamisula ba, ke ce. Ban haife ki don ki fara abu ki ce a watsar ba.

Kin san yadda wurin yake. Rami ne da aka haƙi ƙasar gini, masu fasa tsohon batir suka cika shi da shararsu. Ko ƙaya ba ta fita. Yara na birgima a kai, su dawo suna lasar hannu. Kina jami'a kika ɗebi ƙasar kika gwada, kika ce darma ce a ciki, guba.

Ranar da kika shigo da buhun ƙasa daga wata gonar wake a Zabarmari, na yi miki faɗa, na ce kin mai da gidana juji. Kika nuna mini ƙulle-ƙullen da ke jikin saiwar waken, kika ce wasu halittu ne a ciki da ido ba ya gani, su za su farfaɗo da ƙasar filin. Kika ce, "Mama, kamar ludayin tsohon nono ne da kike zubawa a madara ta kwana." Ni jikar makiyaya ce, wannan na gane shi.

Muka cakuɗa ƙasar buhun da kashin shanu da ƙaiƙayin shinkafa, muka shimfiɗa. Daminar farko komai ya ƙone. Ta biyu ciyawar kiri-kiri ta kama. Sai aka ɗauke ki aikin farfaɗo da ƙasar da masu haƙar kuza suka lalata, kika tafi. Ban hana ki ba.

Abin da ba ki gani ba, Bintu, yanzu wurin kore ne shar, wake ya yi yaɗo, bagaruwa biyu sun wuce ni tsawo. Nan kuma masifar take. Gonakin bayan gari sun gagari mutane, unguwa cike take da waɗanda aka koro daga ƙauyukansu, ga yunwa. Ke da bakinki kika ce ganyen nan yana zuƙe guba, kada mutum ko akuya su ci.

Ya Fanna, wadda ta sauka da jikokinta a kangon kusa da mu, na same ta tana tsinkar ganyen. Na ƙwace kwanon na zubar a gabanta. Ta kira ni marowaciya, maƙwabta suna ji. Na auna mata gero, amma ban ba ta haƙuri ba, kuma ba zan bayar ba. Gara ta zage ni da ta binne jika.

To faɗa mini, in na hau mota na taho, wa zai tsaya a bakin filin? Da yana fako ba mai kallonsa. Mu muka sa ya yi kama da abinci, don haka amanarsa a wuyanmu take. Ƙarar bam ina jin ta kamar kowa, ina tsoro, ba na ɓoye miki. Tsoro dai ba ya sauke amana.

Ɗakinki yana nan, ina share shi. Wani lokacin in ina yayyafa ruwa, sai in juya zan tambaye ki ko ya isa.

In kina son ganina a Jos, ki zo da kayan gwajinki. Ranar da kika ce ƙasar ta warke, zan dafa wa Ya Fanna waken da hannuna, sannan mu yi maganar tafiya.

Allah Ya tsare ki, Ya yi miki albarka, Ya warkar da ƙasarmu da garinmu tare.

Mahaifiyarki, daga bakin fili.